Damuwa, Rashin Barci da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Tambayoyin da Ɗaliban Damagaram Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a bakin ɗaliban manyan makarantun Damagaram, na Jami'ar André Salifou, na makarantar aikin lafiya ta ENSP da na makarantu masu zaman kansu. Wasu kuma daga iyaye da abokan ɗaki suke fitowa. Ba kasafai ake yin su a bainar jama'a ba. Sai fada ta watse, an rage mutum biyu, sannan wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wai ni kam, in mutum ya kasa barci kwana da kwanaki..." An faro daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, kuma amsoshin ba su ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba. Wanda ya zo nan don yana tsoron wani zai cutar da kansa yau ɗin nan, ya tsallake zuwa tambayar da ke kan tunanin kashe kai.

In an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, ba zancen mahaukata ake yi ba?

A'a. Mutumin da ake gani da tsumma a bakin kasuwar Dole ɗan yanki ne ƙarami na masu wannan lalura, kuma sau da yawa rashin samun magani da wuri ne ya kai shi can. Mafi yawan masu fama suna shiga aji, suna bin jam'i, suna dariya in an yi abin dariya, cikinsu ne kawai ya san abin da ake ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da ciwon fargaba su ne kan gaba. In aka dubi amfi, wato babban zauren darasi na jami'a, cike da ƴan shekarar farko, wannan lissafi ya wuce mutum ɗaya ko biyu.

Kowa yana da damuwa. Ta yaya zan san tawa ta zama ciwo?

Abu uku ake dubawa: daɗewarta, nauyinta, da ɓarnar da take yi. Damuwar yau da kullum tana da dalili, kuma tana tafiya tare da dalilinta. Jarrabawa ta wuce, kuɗi sun shigo, kun shirya da wanda kuka ɓata, sai zuciya ta sake. Ciwon damuwa shi ba ya sauka. Ma'aunin da likitoci ke aiki da shi shi ne mako 2: in ka kai mako 2 kusan kullum, kusan duk wuni, zuciyarka a ƙuntace, ko kuma abubuwan da a da suke maka daɗi sun zama lami, ƙwallo, hira, har abincin da ka fi so, to lokacin neman taimako ya yi. Yakan zo da rakiya: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ci ya ragu, kasala tun da safe, karatu ba ya zama a kai, ganin kanka ba ka da amfani, yawan tunanin mutuwa.

A wurinmu ciwon yakan fara magana ta jiki. Ɗalibi ba zai ce yana baƙin ciki ba, cewa zai yi kansa na sarawa, jikinsa duk ya mutu, ƙirjinsa ya yi nauyi. Sai ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro a wurin mai talla, ya sake saye, bai ga canji ba. Ta ɗaya gefen kuma, akwai cututtukan jiki da ke kama da ciwon damuwa, irin su ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, shi ya sa gwajin jini a asibiti ya fi zato amfani.

Ma'auni na ukun, wato ɓarnar da take yi, ya fi sauƙin gani. Ka fara fashin aji? Ka daina wanka a kan lokaci, ka daina ɗaukar kiran gida, ka bar zuwa resto, gidan abincin ɗalibai, sai yunwa ta ci ƙarfinka? Wanda abin ya kai shi haka kada ya tsaya jiran cikar mako 2.

Me ya sa sai a shekarun jami'a abin yake fitowa?

Shekarun ne da kansu. Bincike ya nuna kusan rabin lalurorin ƙwaƙwalwa suna farawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin shekara 24. Ɗan jami'a yana tsakiyar wannan tsakani, ko da karatu ko babu.

Sai kuma abin da karatun ya ɗora a kai. Yaron da ya zo daga Tanut ko Gure ko wani ƙauyen Magarya, wanda a lise malamai suka san shi da suna, har garinsu aka yi buɗa da ya ci bak, ya tsinci kansa a amfi inda babu wanda zai lura ko ya zo ko bai zo ba. Malami yana zuba Faransanci da gudu, ba mai tsayawa ya tambayi wa aka bari a baya. Tsarin karatun jami'a na LMD (lisans, masta, dokta) kuma lissafi ne mai tsauri: kiredi 30, wato makin da ake tarawa in an ci darussa, a kowane zango, 180 kafin a ce ka gama lisans, digirin farko. Ga yajin aiki da na karatu da ke sa shekarun karatu su hau kan juna, lisans ɗin shekara 3 ya ja fiye da haka, a gida kuwa ana ta tambayar yaushe za a gama. Jami'ar kanta yarinya ce, a 2010 aka kafa ta, kuma ɗalibai da yawa su ne na farko a zuriyarsu da suka kai wannan mataki, ba su da yaya ko kawun da ya taɓa bin hanyar balle ya ce musu shekarar farko haka take ga kowa.

Burs bai fito ba, mai gida yana neman kuɗin haya, ba na iya tunanin komai. Wannan ma ciwo ne?

Yawanci ba ciwo ba ne, talauci ne, kuma babu ƙwayar da ke biyan haya. Jinkirin burs, kuɗin tallafin karatun da hukumar ANAB ke biya, tsohon zance ne a Nijar, ya sha fito da ƴan ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi. Wanda ya kwana da yunwa, ya tashi da asuba neman ruwa saboda famfo bai kawo ba, ya taka da ƙafa don babu na kabu-kabu, in ya kasa natsuwa a aji ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Matsalar kuɗi da hanyar kuɗi ake fuskantarta: a je CROU, wadda ke kula da abinci, makwanci, sufuri da lafiyar ɗalibai, a tambayi abin da ake da haƙƙi a kai, a nemi ƙungiyar ɗaliban garinku, a haɗa tukunya da abokan ɗaki, a samu mai gida tun kafin wata ya mutu a yi masa bayani, ya fi a riƙa laɓe masa.

Sai dai matsin da ya daɗe yana iya rikiɗewa ya zama ciwo. Alamar ita ce kuɗin su shigo, a biya bashi, amma nauyin ƙirjin yana nan inda yake. A nan sai a koma ga ma'aunan da ke amsar bambanta damuwa da ciwo. Abin da na fi ji wa ɗalibai tsoro a irin wannan lokaci shi ne cacar ƙwallo ta waya. Ana shiga da dala ashirin don a mayar da ita jika, a wayi gari an cinye kuɗin rajista, ga bashi, ga kunyar da ba ta faɗuwa.

Ina karatu amma ba ya shiga, kaina yana zafi kamar ana yawo a ciki. Karatu ne ya taɓa mini kai?

Karatu ba ya haukata mutum, duk da yadda ake faɗa a gari. Abin da kake ji kuma sananne ne, ba kai ka fara ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya: zafi ko motsi a cikin kai, ido yana gajiya, a karanta shafi a rufe ba a riƙe komai ba. A yau akasarin likitoci suna ganin wannan fuska ce ta fargaba ko ciwon damuwa, wadda gajiya da tsoron faɗuwa suke rura ta.

Kafin a kai ga magani, a gyara yadda ake karatun. Zaman awa biyar kan takarda ɗaya ana haddar abin da ba a gane ba, wahala ce kawai. Ka yi minti 40 ko 45, ka tashi ka miƙe ƙafa, ka dawo ka rufe takardar ka gwada faɗin abin da ka karanta da Hausa, kamar kana yi wa ƙanenka bayani. Inda ka kakare, nan ne ba ka gane ba. Karatun rukuni na mutum uku ko huɗu yana taimakawa, in dai bai koma fada ba. Wanda idonsa ke ciwo ko rubutun allo ke masa dishi-dishi, ya je a auna masa ido. In an yi duk wannan mako biyu ko uku abin bai sassauta ba, duba amsar inda za a je.

Ba na samun barci, musamman lokacin zafi da jarrabawa. Me zan yi?

Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana zaune ya shiga jarrabawa ya yi asara biyu. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ke haura 40, ga ɗaukewar wuta, dole a yi dabara: shimfiɗa a waje cikin gidan sauro, watsa ruwa kafin kwanciya in ruwan ya samu, karatu mai nauyi bayan sallar asuba, ɗan ƙailula na kamar minti 20 zuwa 30 da rana, kada ya wuce haka.

Babban mai laifin da ba a zargi shi ne shayi. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, da cikin Nescafé da lemukan ƙara kuzari, rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa 5. Wanda ya sha na ɗaya da na biyu da na uku bayan isha'i, ƙarfe biyun dare ido biyu zai gan ta. A mayar da shayin kafin la'asar, a ajiye waya nesa da filo, a tsayar da lokacin tashi ɗaya ko da daren bai yi daɗi ba. Farkawa ƙarfe ukun dare kullum da tunani mai nauyi alama ce ta ciwon damuwa. Wanda kuma ya kwana uku ko huɗu ba barci amma ba ya jin gajiya, sai ma ƙarin surutu da kuzari, wannan wani abu ne daban, yana cikin amsar abokin ɗakin da ya canza.

Abokaina suna shan tramol don su jure karatu. Guda ɗaya lokacin jarrabawa zai yi illa?

Zai iya. Tramol maganin ciwo ne daga dangin ƙwayoyin da ke kama mutum, kuma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan zo da ƙarfin miligiram 200, 225 ko 250, alhali a asibiti 50 ko 100 ake bayarwa. Yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, yana iya danne numfashi, musamman in an haɗa shi da diyazefam ko giya. Ƙarfin da ake ji na jiki ne, haddar ba ta ƙaruwa. Kuma guda ɗayan ba ya tsayawa a ɗaya, jiki yana sabawa ya nemi ƙari.

Wanda ya riga ya kamu kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da fargaba za su taso, su ne ke mayar da mutane ruwa. A asibiti ana ragewa a hankali tare da kula. Likita ba ɗan sanda ba ne, ka gaya masa ainihin adadin da kake sha.

Gabana yana faɗuwa, numfashina ya sarƙe, na ji kamar zan mutu a ɗakin jarrabawa. Ciwon zuciya ne?

A shekarun ɗalibi, mafi yawan lokaci firgici ne: zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, hannu ya yi rawa, gumi ya keto, jiri ya ɗebi mutum. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka da kansa, kuma ba ya kisa. In ya taso, zauna, ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi a tsawon da ya fi na shigarsa, ka maimaita. Karon farko dai a je a duba zuciya da jini don a cire shakka. Kuskuren da ke mayar da shi babba shi ne gudun wurin da ya faru. Wanda ya daina shiga amfi don tsoron kada ya sake zuwa, tsoron ne yake yi wa kiwo.

Na faɗi, har ratirapaj, jarrabawar zagaye na biyu, ban tsallake ba. Ta yaya zan gaya wa gida?

Da wuri, kuma da bakinka. Ɗaliban da suka fi shiga uku su ne waɗanda suka ɓoye: shekara ta zagayo ana ce wa gida komai lafiya, ana karɓar kuɗin rajista, ƙarya tana haifar ƙarya, har a fara shirin bikin kammalawar da babu ita. Faɗuwa ciwon kwanaki ce, ɓoyon kuwa kullum da shi ake kwana.

Kafin ka yi magana, je ofishin rajista ka san matsayinka daidai: darussa nawa ka ci, nawa suka rage, maimaitawa za ka yi ko za ka wuce da bashi. Sannan ka je da shawara a hannu. In fuskantar mahaifi ta yi maka nauyi, bi ta wurin inna, ko kawu, ko yayan da yake jin maganarsa. Ba sai an yi dogon jawabi ba: "Baba, akwai maganar da ban so ku ji ta a bakin wani ba. Sakamakon bana bai yi kyau ba, zan maimaita. Na gano inda na yi rauni, ga abin da na shirya. Ina neman afuwarku da addu'arku." Za a yi faɗa, wataƙila a yi kwanaki ana amsa gaisuwarka a daƙile. Iyaye da yawa sun fi jin zafin a ce an rufe su a kan faɗuwar kanta.

A gida an ce iska ce ko sammu, wani kuma ya ce rashin tawakkali ne. Wa zan bi?

Zancen rashin imani dai a ajiye shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba wanda ya ce imaninsu ne ya yi rauni. Mai ciwon damuwa da ma yana ganin kansa mai laifi a komai, in aka ƙara masa da cewa Allah ma yana fushi da shi, an danne shi ne a inda ake son ɗaga shi.

Addu'a, karatun Alƙur'ani da zama da malamin kirki suna sanyaya zuciya, kuma ba su hana asibiti ba, kamar yadda ba sa hana mai karaya zuwa ɗori. A yi duka biyun, kada a ce sai an gama ɗaya za a fara ɗaya, don watannin da ake ɓatawa ana yawon neman wanda ya yi sammun su ne ciwon ke samun gindin zama. Alamomin da za su sa a bar mai magani nan take: duka da sunan fitar da aljani, ɗaure mutum da mari, turaren da ke shaƙe numfashi, keɓewa da mace, cewa a zubar da maganin asibiti, ko kuɗin da kullum ƙaruwa suke. Ɗalibi Kirista ma haka, fasto da likita kowa da aikinsa.

To ina zan je a nan Damagaram, kuma me za a yi mini?

Fara da mafi kusa: ɗakin shan magani na ɗalibai, ko CSI, ƙaramin asibitin unguwarku. Ka gaya wa majo ko nas abin da ke damunka kai tsaye, kada ka tsaya a ciwon kai: tun yaushe, yaya barci, yaya ci, me kake sha, ka taɓa tunanin cutar da kanka ko a'a. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, inda akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, don haka mai yiwuwa wanda zai duba ka ƙwararren ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ne da aka horar musamman. Su ne ke riƙe da mafi yawan aikin a jihohi, kuma sun san shi.

Zuwan farko hira ce da tambayoyi, wani lokaci da gwajin jini. Ba a kwantar da mutum don kawai ya ce yana damuwa. Mafi yawa gida suke komawa da shawara, ko da magani da ranar dawowa. Ka tafi da katin ɗalibi, da kwalin duk maganin da kake sha, da mutum ɗaya da ka amince da shi in zai yiwu.

An ce maganin yana mayar da mutum soko, kuma in ka fara ba ka bari. Gaskiya ne?

An cakuɗa magunguna daban-daban ne a wannan zance. Na ciwon damuwa, irin su fluoxetine da amitriptyline, ba sa sa jaraba irin ta tramol. Ba sa aiki nan take kuma: sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ji sauƙi, alhali ƴan matsalolinsu kamar bushewar baki, jiri ko tashin zuciya tun makon farko suke zuwa. A nan ne da yawa suke yarwa su ce bai karɓe su ba. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata 6, sannan a rage a hankali da izinin likita. Diyazefam da danginsa su ne ke kama mutum, shi ya sa ba a ba da su sai na ɗan gajeren lokaci.

In magani yana sa ka barci a aji ko jikinka yana sanƙarewa, koma ka faɗa, ana rage shi ko a canza. A kwanakin farko, matashin da ya ji tunanin cutar da kansa ya ƙaru ya koma asibiti a ranar. Ga azumi kuwa, da yawa daga cikin magungunan sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da su bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, amma likita ne zai tsara, ba kai ba.

Abokin ɗakina ya canza. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, ya ce ana bin sa. Me za mu yi?

Fara da taɓa jikinsa. In akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya tare da ruɗewar, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa yanzu, don zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau suna zuwa da wannan kama, kuma yankinmu ya san sanƙarau a lokacin rani. In babu zazzaɓi, yana iya zama farkon taɓin hankali, wanda yakan bayyana daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa cikin ashirin, wani lokaci wiwi ko ƙwaya ce ke tayar da shi. Yana jin magani, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon damar komawa karatu.

Kada ku yi masa musu kan abin da yake gani ko ji, kada kuma ku gaskata masa. Mutum ɗaya ya yi magana, a natse: "Abokina, kwana nawa ba ka runtsa ba, jikinka ya gaji. Tashi mu je a ba ka abin da zai sa ka huta." Ku kira danginsa. Ku kori ƴan kallo. Wanda ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo ku hana shi, domin shi zai warke, bidiyon kuwa yana nan a WhatsApp har ranar da zai je neman aure.

Wata ƙawata ta ce gara ta mutu ta huta. In tambaye ta, ko zan ƙara sa mata abin a rai?

Tambaye ta, a fili: "Ƙawata, kina tunanin kashe kanki ne?" Tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji da aka samu wanda ya lura. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a duniya, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƴan shekara 15 zuwa 29. Zancen cewa mai faɗa ba ya aikatawa ba gaskiya ba ne.

In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai. Kawar da abin da za ta iya cutar da kanta da shi, musamman maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi. Saurare ta, wa'azin wuta ba lokacinsa ba ne. Kada ki yi mata alkawarin rufa asiri, ko da ta haɗa ki da Allah. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ba irin maganar da ake haɗiyewa ba ce: nemi babba ɗaya mai hankali a danginta, ku kai ta asibiti a ranar. In ta riga ta sha wani abu, kada a sa ta amai, kada a ɗura mata madara ko mai, a ɗauki kwalbar a tafi sashen gaggawa, ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In kuma kai mai karanta wannan ne ke da tunanin, tashi ka gaya wa mutum ɗaya yanzu, ko da tsakar dare ne.

Ina da aure da goyo, ga karatu. Kullum kuka nake yi. Gazawa ce?

Ba gazawa ba ce, aikin mutum uku kike yi. ƴar ƙunci da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yana wucewa cikin mako 2. In ya zarce haka, ko kina jin ba ki da shaƙuwa da jaririn, ciwon damuwar bayan haihuwa ne, wanda ke samun fiye da mace 1 cikin 10. Gaya wa unguwarzoma a wurin awo ko rigakafi, akwai maganin da mai shayarwa ke iya sha. Maigida da uwar miji su ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, ya fi shiga kunne.

Akwai kuma damuwar da ɗalibai mata ke haɗiyewa, ta wanda ke amfani da maki ko matsayi yana neman su da lalata. Laifin nasa ne. Ajiye saƙonnin, kada ki je ofishinsa ke kaɗai, ki sanar da wata malama ko wakiliyar ɗalibai da kika yarda da ita.

In aka san na je sashen masu taɓin hankali, ba zai ɓata mini aure da aiki ba?

Sirrin majinyaci wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya, kuma ba a rubuta komai a takardar digiri. Gaskiya ne garin ƙarami ne, ana iya cin karo da idon sani a layi. Amma abin da ke tona asiri a zahiri shi ne ciwon da aka bari har ya fito titi. Ba dole ba ne ƴan aji su sani, mutum ɗaya ko biyu sun isa. In maganar aure ta yi nisa kuma kana kan maganin dogon lokaci, wanda za ku zauna tare ya cancanci ya ji daga gare ka.

Likita ya ce in huta. Zan rasa shekarar ke nan?

Ba lallai ba, ya danganta da yadda aka bi. Karɓi takardar likita mai kwanan wata da hatimi, ka kai wa shugaban sashenku da ofishin rajista kafin jarrabawa, kada ka ɓace kawai ka dawo da bayani bayan an liƙa sakamako. Tambayi abin da dokar makarantarku ta ce game da rashin zuwa da uzuri da kuma dakatar da rajista, ka nemi amsar a rubuce, ka kuma binciki yadda hutun zai shafi burs ɗinka. A tsarin LMD darussan da ka riga ka ci suna nan a ajiye. In ka dawo, fara da waɗanda suka fi nauyin kiredi, nemi abokin aji ɗaya da zai riƙa ba ka abin da ya wuce ka, kuma kada ka bari ranar komawa asibiti ta faɗa cikin makon jarrabawa ba tare da ka nemi a matso maka da ita ba.